Direban Allo a Linux: Yadda Nake Zaɓa Tsakanin Buɗaɗɗe da Wanda Kamfani Ya Ƙulle

Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a watan Oktoban 2025, masu kawo mini kwamfuta a ɗora musu Linux sun ƙaru. Aikina gyaran kwamfuta ne a Tudun Wada, nan Kaduna, kuma yawancin abin da ke biyowa ta teburina 'yan Beljiyam ne: Dell Latitude, HP EliteBook, ThinkPad, irin waɗanda ɗaliban Kadpoly da na KASU ke saye don aikin makaranta. Ba sa ɗaukar Windows 11, amma da sauran ƙarfinsu. Ɗora Linux ɗin ba ya cin lokaci. Inda ake tsayawa a yi tunani wuri ɗaya ne, wato idan kwamfutar na da katin hoto na NVIDIA: a bar direban da ya zo da tsarin, wato manhajar da ke sa Linux ta iya sarrafa katin, ko a ɗauko wanda kamfanin ya bayar a ƙulle?

Kafin a taɓa komai, gara a san abin da ake rigima a kai.

Manhajar da ke zana tagogi a allo, ta karɓi motsin maus da bugun kibod, sunanta X. A jami'ar MIT ta Amurka aka fara ta a 1984, siga ta 11 ta fito a 1987, shi ya sa har yau ake cewa X11. Lasisinta mai sassauci ne ƙwarai: ka ɗauka, ka gyara, ka sayar, ba wanda zai tilasta maka ka nuna abin da ka ƙara. A 1992 aka kafa XFree86 don kawo X ga kwamfutocin gida, kuma nan take masu aikin suka ci karo da bango. Ba a rubuta direba sai an san yadda katin yake aiki a ciki, kamfanoni kuwa suna ganin wannan sirrin kasuwarsu ne. Wasu sun ce za su bayar da bayanin, amma sai an sa hannu kan alƙawarin ba za a fallasa ba. Ta haka ne a 1998 Red Hat, kamfani mai haɗa Linux, ta raba direban katin NeoMagic na kwamfutocin cinya a dunƙule, ba tare da rubutun asalinsa ba, kafin daga baya a buɗe shi. Da XFree86 4.0 ta fito a 2000, sai ta zo da tsarin da direba zai zama fayil mai zaman kansa da ake loda wa X daga waje. Wannan ya sauƙaƙa wa kowa, amma kamfanoni ya fi yi wa daɗi, domin yanzu suna iya miƙo fayil ɗaya a rufe su ce ga gudummawarmu. Matrox, mai ƙera katunan hoto, ta yi rabi da rabi: direbanta a buɗe, amma mai son amfani da allo na biyu a katin G400 sai ya ƙara wani yanki rufaffe. A 2004 aka yi saɓani kan sabon lasisin XFree86, jama'a suka watse zuwa X.Org, wadda ita ce a cikin Linux Mint da Debian ɗin da muke ɗorawa yau. Gida ya sauya, ƙofar nan ta direba tana nan yadda take.

Abin da ya shafe ka a cikin wannan tarihi shi ne, direban allo yana da iyayengiji biyu. Dole ya dace da kanel na Linux, wato zuciyar tsarin da ke magana kai tsaye da na'urorin kwamfuta, dole kuma ya dace da sigar X.Org. Dukansu biyu suna sauyawa a kai a kai. Idan direban buɗaɗɗe ne, wanda ya kawo sauyin shi ke bi ya gyara shi, a rana ɗaya ma. Idan rufaffe ne, ba mai iya taɓa cikinsa sai kamfanin da ya yi shi. Kamar inji ne da aka liƙe murfinsa da walda: yana aiki lafiya lau, amma ranar da ya tsaya, ko gwanayen Panteka sai dai su zagaya shi su kalla. Muddin kamfanin na fitar da gyara, babu damuwa. Ranar da ya ce wannan katin ya tsufa, daga nan kai da kwamfutarka kun shiga ƙidayar kwanaki.

Fara da sanin katin da ke ciki

Kada ka yarda da takardar da aka manna a jikin kwamfuta, ko abin da mai shago ya faɗa. Ba lallai ƙarya yake yi ba, sau da yawa shi ma bai sani ba. Ka tayar da kwamfutar daga filash mai ɗauke da Linux Mint ko Ubuntu, ba tare da ka shigar da komai ba tukuna, ka buɗe taminal, wato tagar da ake rubuta umarni, ka rubuta:

`lspci -nnk | grep -A3 -Ei "vga|3d"`

Zai nuna maka sunan katin, da lambar kamfanin a cikin baka mai kusurwa. 8086 na Intel ne, 1002 na AMD, 10de na NVIDIA. A ƙasa kaɗan akwai layin da ke faɗin direban da ke aiki a yanzu. Idan katuna biyu suka fito, Intel da NVIDIA, to kwamfutar mai Optimus ce, zan zo kanta.

Idan Intel kaɗai ka gani, ka gode Allah ka ci gaba da shigarwa, babu abin da za ka ƙara. Intel ta daɗe tana biyan ma'aikata suna rubuta direbanta a fili, yana cikin kanel da Mesa, wato tarin buɗaɗɗun manhajojin zane da ke zuwa da Linux. Ƙananan kwamfutocin nan masu GMA 500 ne kawai suka fita daban, don fasahar katin ta wani kamfani ce, kuma da wuya ka ƙara ganinsu a kasuwa. AMD ma haka. Bayan ta sayi ATI a 2006 ta fara sakin bayanan katunanta a 2007, kuma tsohon rufaffen direbanta mai suna fglrx, wanda ake kuma kira Catalyst, ya fita daga Ubuntu tun 16.04. Duk wanda ya ce ka nemo Catalyst don EliteBook mai Radeon, tsohon labari yake ba ka.

Saura NVIDIA, kuma a nan ne aikin yake.

Zamanin katin shi ke yanke hukunci

Direban da ke zuwa da Linux don katunan NVIDIA sunansa nouveau. Ba kamfanin ya rubuta shi ba. Masu sa kai ne suka zauna suna leƙen saƙonnin da rufaffen direba ke aika wa katin, suna gano ma'anarsu ɗaya bayan ɗaya, har aka karɓe shi cikin kanel 2.6.33 a 2010. Dangantakar ba ta yi daɗi ba a lokacin. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro kanel na Linux, ya taɓa ɗaga wa kamfanin yatsa a gaban taro a jami'ar Aalto ta Finland a 2012. Abubuwa sun gyaru sosai tun daga nan, amma gyaran sababbin katuna ya fi shafa, ba irin namu ba.

NVIDIA tana kasa direbobinta reshe reshe, kowane reshe da lambarsa da ranar da za a rufe shi. Reshen 340 shi ne na ƙarshe ga katuna irin NVS 3100M da ke cikin Latitude E6410 da EliteBook 8440p, an daina kula da shi a ƙarshen 2019. Reshen 390 na katunan zamanin da NVIDIA ta sa wa suna Fermi ne: NVS 4200M na Latitude E6420 da ThinkPad T420, NVS 5200M na E6430, NVS 5400M na T430. An rufe shi a ƙarshen 2022. Reshen 470 na Kepler ne, irin GT 710 da ake sa wa destof, shi ma ya ƙare a 2024. Reshen 580 shi ne na ƙarshe ga Maxwell da Pascal, wato su GTX 750, GTX 960, GTX 1050 da GTX 1060. Daga GTX 1650 da RTX 20 zuwa sama su ne ke kan layi har yanzu.

A kula da GT 730. Suna ɗaya ne, amma akwai mai Fermi a ciki, akwai mai Kepler. Abin da lspci ya nuna shi za ka bi: GF108 na 390 ne, GK208 na 470. Kwali ba ya faɗa maka wannan.

Ga yadda nake yanke shawara. Katin 340 ba na ko tunani, nouveau nake bari. Katin 390 ma kusan kullum nouveau ne, sai idan mai kwamfutar ya nuna mini takamaiman aikin da ya ƙi tafiya. Wanda zai buga aikin makaranta, ya shiga Zoom, ya kalli karatu a YouTube, ba ya bukatar ya ɗaure kansa da direban da aka daina gyarawa. Akwai kuma batun tsaro: tun a 2006 kamfanin Rapid7 ya bayyana wata kafa a rufaffen direban NVIDIA da za a iya bi a karɓe ikon kwamfuta gaba ɗaya. An toshe ta, don lokacin akwai mai toshewa. Reshen da aka rufe kuwa, idan an gano kafa, haka za ta zauna.

Amma kada a ɗauka ni mai ƙin rufaffen direba ne. Daga GTX 900 zuwa GTX 1000, katin ba ya yarda a ɗaga masa gudu sai da wata ƙaramar manhaja mai hatimin kamfanin, don haka nouveau yana tuƙa shi ne a mafi ƙarancin gudunsa. Ka sayi GTX 1060 da kuɗinka ka bar shi a haka, asara ce. Mai haɗa bidiyon biki da DaVinci Resolve, ko ɗalibin zanen gini mai amfani da Blender, ko wanda ke bukatar CUDA, fasahar NVIDIA ta yin lissafi mai nauyi da katin, duk na kamfanin za su ɗora, ba wata hanya. Masu sababbin katuna kuma sun samu sauƙi: a Mayun 2022 NVIDIA ta buɗe ɓangaren direbanta da ke shiga kanel, don katunan Turing zuwa sama, wato daga su GTX 1650 da RTX 20, daga reshen 560 kuma shi ne zaɓin farko. Sai dai ɓangaren da ke magana da X da OpenGL, hanyar da manhajoji ke bi su sa katin ya yi zane, yana nan a ƙulle.

Shiri kafin ɗorawa

Abu na farko, ka ɗauki hoton tsarin da Timeshift, wato ka adana kwafinsa da za a iya komawa gare shi idan abu ya lalace. Yana zuwa da Linux Mint, a Ubuntu kuma sai ka shigar da shi. Yarona na shago ya san wannan doka, idan ya ce "Oga, a ɗora?" abin da nake fara tambaya ke nan, "Ka yi Timeshift?"

Na biyu, wuta. Ɗora direban yana haɗa wani yanki da kanel, sannan ya sake gina fayil ɗin da kwamfuta ke tashi da shi. Idan aka ɗauke wuta a tsakiyar wannan, ga batirin 'yar Beljiyam da ba ya riƙe minti goma, za ka iya samun kwamfutar da ba ta tashi sam. Destof kada ka fara sai da UPS ko inbata. Ka kuma tanadi data, direban ɗaruruwan megabait ne.

Na uku, ka gama sabunta tsarin ka sake tayar da kwamfutar kafin ka taɓa direba, don ya ginu a kan kanel ɗin da za ka zauna da shi.

Ɗorawa

Ta hannun masu tsarin za ka bi. A Linux Mint ka buɗe Driver Manager, ka zaɓi wanda aka ba da shawara. A Ubuntu:

`ubuntu-drivers devices`

`sudo ubuntu-drivers install`

A Debian sai ka kunna sashen non-free na rumbun manhajoji, ka shigar da nvidia-detect, shi zai faɗa maka sunan kunshin da ya dace. Idan reshen katinka ba ya cikin rumbun sigar da ka ɗora, wannan amsa ce: masu tsarin sun ga ba za su iya riƙe shi ba, kai ma kada ka ɗauki nauyin.

Akwai fayil mai ƙarewa da .run a shafin NVIDIA, kuma masu koyarwa a intanet na son nuna shi. Ka guje shi. Yana zuba fayiloli a wuraren da mai kula da kunshi bai sani ba, yana danne wasu na Mesa, kuma idan ba a haɗa shi da DKMS ba, wato tsarin da ke sake gina direba duk lokacin da kanel ya sauya, sabon kanel na farko da ya sauko zai bar ka da baƙin allo. Wata ɗaliba ta taɓa kawo mini kwamfutarta ana saura kwanaki ta kare aikin kammala karatu, wani mai gyara ya ɗora mata ta wannan hanya. Ta ce, "Malam, jiya lafiya lau na kashe ta." Na ce, "Hajiya, kin danna sabuntawa kafin ki kashe?" Ta ce ta danna. Ba laifinta ba ne, sabuntawa abu ne da ake so a yi. Da `sudo nvidia-uninstall` aka cire shi, aka ɗora na rumbu.

Idan kwamfutar na da Secure Boot a kunne, wato kariyar da ke hana loda abin da ba shi da hatimin amincewa, za a iya neman ka ƙirƙiri kalmar sirri yayin ɗorawa. Da ka sake tayarwa shuɗin allo zai fito. Kada ka tsorata ka danna ci gaba. Ka zaɓi Enroll MOK, ka sa kalmar. Idan ka wuce shi, kanel zai ƙi loda direban, kuma ba zai yi maka bayani a allo ba.

Bayan ta tashi, ka tabbatar. `nvidia-smi` ya nuna sunan katin da lambar direba. `dkms status` ya nuna an gina shi don kanel ɗin da kake kai, idan ta DKMS aka bi. Sannan ka shigar da mesa-utils ka rubuta `glxinfo | grep "OpenGL renderer"`. Idan ka ga llvmpipe, to katin yana barci, furosesa ce ke zana komai, shi ya sa fanka ke ihu.

Wani abu da ya kamata ka sani: da zarar rufaffen direba ya shiga, kanel yana yi wa kansa alama cewa akwai baƙon abu a jikinsa, za ka gani a `/proc/sys/kernel/tainted`. Idan ka kai ƙorafi ga masu kanel da wannan alama, za su ce ka cire direban ka sake gwadawa tukuna. Ba wulaƙanci ba ne, ba sa iya ganin abin da yake yi a ciki.

Idan allo ya yi baƙi

Yawanci kwamfutar tana raye, X ce kawai ta kasa tashi. Danna Ctrl da Alt da F3 tare, ka shiga da sunanka da kalmar sirri, ka rubuta:

`grep EE /var/log/Xorg.0.log`

A wasu tsarin fayil ɗin yana cikin `~/.local/share/xorg/`. Idan ka ga layin da ke cewa an kasa tayar da ɓangaren kanel na NVIDIA, to matsalar tsakanin direba da kanel ce, ko Secure Boot. Ka sake tayarwa, ka riƙe Shift ko ka danna Esc har jerin GRUB, wato jerin zaɓin abin da kwamfuta za ta tashi da shi, ya fito, ka zaɓi tsohon kanel. Idan ta tashi, ka gano mai laifi. Idan kuma layin ya ambaci ABI, cewa lambar direba ba ta dace da ta X ba, to X.Org ce ta yi gaba ta bar shi. Akwai zaɓin IgnoreABI da ke tilasta wa X ta loda shi haka nan. Wani lokaci yana aiki, amma ba na sa shi a kwamfutar da za ta bar shagona, don ranar da ta faɗi ba gargaɗi za ta yi.

Hanyar komawa gida, wato cire rufaffen direba a koma nouveau, ita ce:

`sudo apt-get purge "^nvidia-.*" "^libnvidia-.*"`

`sudo apt-get autoremove`

`sudo update-initramfs -u`

Ka duba ko akwai `/etc/X11/xorg.conf`, idan akwai ka sauya masa suna, domin muddin yana kiran direban da ka cire, X ba za ta tashi ba. Ka leƙa `/etc/modprobe.d/` ko an bar fayil ɗin da ya hana nouveau lodawa. Idan duk wannan ya yi maka yawa, `sudo timeshift --restore` ya wadatar. Wanda ko taminal ɗin bai samu ba, ya danna e a jerin GRUB, ya ƙara nomodeset a ƙarshen layin da ya fara da linux, ya tayar da F10. Hoton zai yi muni, amma zai isa a yi gyara.

Masu katuna biyu

Kwamfutocin Optimus su ne inda na fi ba mutane shawarar da ba sa so. An sayar masa da ita da tsada don "tana da girafik", ni kuma in ce a kashe girafik ɗin. Amma NVS 4200M bai fi Intel ɗin da ke gefensa da wani abin kirki ba, ga cin batir, ga zafi. A watan Maris da Afrilu na Kaduna, bayan ƙurar hunturu ta cika fanka, kwamfutar da ke kunna katuna biyu tana iya kashe kanta a tsakiyar aiki. A ThinkPad T420 da T430 akwai zaɓi a BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Linux ta tashi, ka sa Integrated Graphics, magana ta ƙare, sai dai ka fara gwada ramin da kake jona furojekta, don a wasu samfuran ta katin NVIDIA yake bi. Idan ka riga ka ɗora rufaffen direba a Mint ko Ubuntu, `sudo prime-select intel` zai kashe shi, `on-demand` kuma zai bar shi sai an kira, a rassan da suka iya hakan.

Wayland

X tana ja da baya, Wayland da aka fara a 2008 tana karɓar wurinta, har Ubuntu 25.10 ta cire zaɓin shiga ta X daga GNOME, fuskar da Ubuntu ke zuwa da ita. Direban NVIDIA bai fara bin hanyar da sauran ke bi a Wayland ba sai a reshen 495 na 2021. Ke nan 390 da 470 sun makara, kuma ba mai komawa ya koya musu. Mai irin waɗannan katuna da ya nace kan na kamfani, ya zauna a fuskar Cinnamon, Xfce ko MATE, waɗanda har yanzu kan X suke. `echo $XDG_SESSION_TYPE` zai faɗa maka inda kake.

Idan dole ta sa na ɗora wa mutum 390, Linux Mint 21 nake sa masa, in bar shi a kanel 5.15 da ya zo da shi, in gaya masa kada ya ɗauki sabon jerin kanel ko da ya gani a Update Manager. Tallafin Mint 21 zai ƙare a 2027. Ina rubuta lambar direban da wannan shekarar a 'yar takarda in manna a ƙasan kwamfutar, kusa da batir, don duk mai gyaran da ta faɗa hannunsa a Kawo ko Rigasa ya san abin da ke ciki kafin ya danna haɓakawa zuwa Mint 22.